Yadda Ake Auna Taga Kafin a Sayi Labulen Naɗi

Labulen naɗi, wato wanda yadinsa ke naɗewa a jikin bututu a saman taga idan an ja sarƙa, ba ya haƙuri da kuskuren awo. Labulen da aka saba da shi mai tattara, in ya yi faɗi sai a ƙara tattare shi, in ya gaza kaɗan sai a baza shi, babu mai lura. Shi kuwa wannan bututu ne mai tauri a tsakanin maƙalai biyu, wato 'yan abubuwan da ake kafawa da sukuru su riƙe shi a gefe da gefe. In ya fi wurin da milimita 5 ba zai shiga ba ko da ƙarfin tsiya, in ya gaza da santimita 3 rana za ta riƙa leƙo ka ta gefe kowace safiya. Kuma masu haɗa shi, in dai bisa awon da ka ba su suka yanka, da wuya su karɓi kayansu su mayar maka da kuɗi.

Yawancin asarar da ake yi daga wuri ɗaya take fitowa: mutum ya ba da lamba, bai faɗi lambar mece ce ba. Saboda haka da wannan za mu fara, tun kafin a ɗauko tef.

Taga ɗaya, faɗi uku

Na farko shi ne faɗin kogon taga. Kogo a nan shi ne wurin da bango ya lotsa ciki kafin a kai ga firam da gilashi, daga bangon hagu zuwa na dama. Na biyu faɗin labulen gaba ɗaya, daga bayan maƙalin hagu zuwa bayan na dama. Na uku faɗin yadin kansa, wanda kullum ya fi na biyu ƙanƙanta, domin maƙalan da kan da sarƙa ke juyawa a kai suna cin wuri. A yawancin labulen naɗi bambancin yana tsakanin milimita 30 zuwa 35, kuma ratar ɓangaren sarƙa ta fi ta ɗaya gefen.

A ce kogon tagarka milimita 1198 ne. Idan ka ce wa mai haɗawa wannan awon kogo ne, zai rage kamar milimita 10 don labulen ya shiga ba tare da gogar bango ba, ya zama 1188. Yadin kuma zai fito kusan 1153. Ka ga ke nan tsakanin bango da bakin yadi akwai rata ta milimita 45 idan an haɗa gefe biyu. Wannan ba laifin kowa ba ne, haka abin yake.

Ga inda ake faɗawa rami. Mutum ya ji ana cewa ana ragewa, sai ya rage 10 da kansa, ya miƙa 1188, bai ce komai ba. Mai haɗawa ya ɗauka awon kogo ne, shi ma ya rage nasa. Ko kuma mutum ya auna faɗin yadin tsohon labulensa ya ba da shi, aka ɗauka faɗin labule ne gaba ɗaya, sabon ya zo ya gaza tsohon da fiye da santimita 3. Ko akasin haka, wanda ya fi muni: ya ba da awon kogo aka ɗauka na yadi ne, aka ƙara masa maƙalai a kai, labulen ya zo ya ƙi shiga sam. Duk waɗannan, tef ɗin bai yi ƙarya ba.

Kayan aiki

Tef na ƙarfe, irin na kafintoci. Kada ka yi amfani da na teloli, domin yana miƙewa kuma yana lanƙwashewa a tsakiya. Sai fensir da takarda, da tsani mai ƙarfi idan tagar tana da tsawo, da ma'aunin daidaito na magina mai ƙwayar iska a cikin ruwa. A ƙara da zare mai ɗan tsawo da wani abu mai nauyi da za a ɗaure a bakinsa, ko makulli ne. Idan faɗin tagar ya wuce mita ɗaya da rabi, nemi wanda zai riƙe maka ɗaya bakin tef ɗin, don in ya yi ciki a tsakiya zai ƙara maka lamba.

Ma'aunin leza yana da kyau, musamman a manyan tagogi, amma sai ya zauna daram a kan wuri mai santsi. Na fi son a tabbatar da lambarsa da tef ko sau ɗaya ne.

Ka yi awo da milimita. Santimita tana sa mutum cike lamba, ya ga 119.8 ya rubuta 120, kuma milimita 2 ɗin nan na iya zama abin da zai sa bututu ya cije. Idan mai haɗa labulenka da inci yake aiki, kamar yadda ake yi a Amurka, a auna zuwa kashi ɗaya bisa takwas na inci mafi kusa, a rage zuwa ƙasa idan awon cikin kogo ne. Inci ɗaya milimita 25.4 ne. Kada a gauraya biyun a takarda ɗaya.

Wani abu game da tef ɗin: ƙugiyar da ke bakinsa tana ɗan motsi gaba da baya. Ba lalacewa ta yi ba, da gangan aka yi ta haka don ta rama kaurinta, ko an maƙala ta a bakin abu ko an tokare ta da bango. Kada ka buga ta da guduma wai za ka gyara.

Mataki na farko: ciki ko waje?

Kafin ka auna komai, yanke shawarar inda labulen zai zauna, domin awon biyu ba ɗaya ba ne.

A cikin kogo ya fi tsafta a ido, ba ya cin wurin ɗaki, kuma za ka iya ƙara labule mai tattara a gabansa. Illarsa ita ce ratar hasken nan ta gefe, kuma yana fallasa duk wata karkata da magini ya bari. A waje, wato a jikin bango sama da kogon, yadin yana rufe tagar har ya wuce ta, haske ya ragu sosai, karkatar gini ta ɓuya. Ga ɗakin barci, musamman na mai aikin dare ko na jariri, ni dai waje nake zaɓa, sai fa idan za a sa wa na cikin siraran ƙarafa masu kwari a gefe biyu waɗanda bakin yadin ke gudu a cikinsu. Yadi mai hana haske da aka sa a cikin kogo ba tare da waɗannan ba, tsakiyarsa baƙi ƙirin, gefensa layi biyu na rana.

Wani lokaci tagar ce ke yanke maka hukunci. Auna zurfin kogon daga bakin bango zuwa abin da ya fi turowa gaba a jikin tagar: mariƙi ne, ko sakata, ko firam ɗin ragar sauro, ko ƙarafan kariya. Daga wannan abin ake lissafi, ba daga gilashi ba. Labule na yau da kullum yana son zurfi na milimita 50 zuwa 75. Wanda ke da akwatin da ke rufe naɗin a sama yana son fiye da haka, sau da yawa 80 zuwa 100. Mai sayarwa ya san na kayansa daidai, tambaye shi.

Kuma kada ka auna bututun kawai ka ce ya isa. Naɗin yana kumbura idan yadi ya hau kansa. Bututu mai kaurin milimita 32, da yadi mai kaurin 0.4 da tsawon mita 2, idan ya naɗe duka zai kai kusan milimita 45. Yadi mai kauri ko taga mai tsawo, sai ya fi haka.

Sannan buɗe tagar. Idan ciki take buɗewa, auna daga saman kogo zuwa saman ɓangaren da ke buɗewa. In wurin bai isa naɗin da maƙalansa da sandar da ke bakin yadin ta ƙasa su ɓuya a ciki ba, duk ranar da ka buɗe taga za ta daki labule. Irin wannan tagar, a kai labulen waje a ɗaga shi sama.

Mataki na biyu: awon cikin kogo

Fara da faɗi. Auna a wuri uku: can sama inda maƙalan za su zauna, tsakiya, da ƙasa dab da dakalin taga. Rubuta duka ukun, kada ka riƙe a ka. A ce ka samu 1203 a sama, 1198 a tsakiya, 1201 a ƙasa. Lambarka ita ce 1198, mafi ƙanƙanta, domin sandar ƙasa sai ta bi ta wurin nan mafi matsi kafin ta sauka. Idan tagar doguwa ce, ko tsohon gini ne, ƙara wurare biyu ko uku. Filasta takan yi tumbi a inda ba a zata ba.

Yadda ake karanta lambar a lungu yana da muhimmanci. Mutane da yawa suna lanƙwasa tef a kusurwa su yi hasashen inda lanƙwasar ta faɗa, kuma a nan ake rasa milimita 3 ko 4. Akwai hanya biyu da suka fi. Ɗaya, ka tokare gidan tef ɗin da bango, ka karanta lambar da ke bakin gidan, ka ƙara tsawon gidan, wanda galibi a rubuce yake a jikinsa. Ta biyu, wadda na fi amincewa da ita: tokare tef da bangon hagu, ka yi ɗan alama da fensir a daidai 500 a kan dakali ko saman kogo. Juya, tokare da bangon dama, ka auna zuwa alamar. Idan ka samu 698, haɗa da 500, ka samu 1198 ba tare da lanƙwasa komai ba.

Duba jikin kogon da kyau. Idan an yi tayil daga ƙasa zuwa rabin tsawo, kamar yadda ake yi a kicin da banɗaki, tsakanin tayil da tayil ya fi sama matsi, wani lokaci da milimita 15 ko 20. Ko dai ka ɗauki wannan a matsayin faɗinka ka haƙura da rata mai faɗi a sama, ko ka gaya wa mai haɗawa lambobin biyu: faɗin da maƙalai za su zauna da faɗin da yadi zai bi. Tun da faɗin yadin bai kai na maƙali zuwa maƙali ba, sau da yawa yana wucewa tsakanin tayil ɗin ba tare da an ƙara rage komai ba, amma sai an lissafa, ba a zata. Haka nan waya da aka bi da ita ta gefe, ko akwatin ƙararrawar tsaro, ko wani katako na ado.

Sai tsawo. Auna daga saman kogo zuwa dakali a hagu, tsakiya da dama. A nan masu haɗawa sun rabu: wasu suna cewa a ba su mafi gajarta, wasu mafi tsawo. Bi abin da naka ya ce. In bai ce komai ba, ka sani cewa tsawo a labulen naɗi ba abin tashin hankali ba ne kamar faɗi. Abin da ya yi saura yana zama a naɗe a jikin bututu, kuma dama ana barin ƙarin yadi don kada a ja shi har ƙarshe ya ɓalle. Gazawa ce matsala, ba rara ba.

Yanzu abin da mutane ke tsallakewa. Auna daga kusurwar sama ta hagu zuwa ta ƙasa ta dama, sannan ɗaya gicciyen. A kogo mai daidaito lambobin biyu ɗaya za su zama. Misali, mai faɗin 1200 da tsawon 1600, kowane gicciye 2000 ne cif. In sun bambanta da 'yan milimita kaɗan, ba komai. In bambancin ya wuce 10, tsaya ka bincika.

Dalili kuwa shi ne, kogo zai iya ba ka faɗi iri ɗaya a sama, tsakiya da ƙasa, alhali gefunansa biyu duk sun kwanta zuwa ɓangare ɗaya. Awon faɗi kaɗai ba zai nuna maka wannan ba. Amma yadi a miƙe yake sauka, nauyinsa ne ke jan sa, bai san bango ya karkata ba. Sai ya fara daidai a sama, yana sauka yana matsar bango ɗaya, kafin ya kai ƙasa sandar tana kartar fenti. A nan zaren nan zai yi aiki. Riƙe bakinsa a kusurwar sama, ka matso da shi ciki kamar milimita 20, inda bakin yadi zai kasance, ka bar makullin ya yi lilo har ya tsaya. Duba tazarar zaren da bango daga sama har ƙasa. Idan a ƙasa zaren ya taɓa bango ko ya kusa, to yadin ma zai taɓa. Yi haka a gefe biyu. Mafita ko a ƙara rage faɗi, ko a koma waje.

A ƙarshe ɗora ma'aunin daidaito a saman kogon. Idan ƙwayar iskar ta gudu gefe, rubuta. Ba zai canza awonka ba, amma ranar kafawa za a sa ɗan siririn katako ko roba a ƙarƙashin maƙali ɗaya don bututu ya kwanta daidai.

Duk wannan awon ana yin sa ne bayan an gama filasta, tayil da fenti. Wanda ya auna a kan bulo tsirara don sauri, kaurin filastar gefe biyu zai cinye masa wurin.

Mataki na uku: awon waje

Nan kai ne mai lissafi, ba wanda zai rage maka komai, abin da ka faɗa shi za a yanka. Auna faɗin kogon kamar dai ɗazu, amma wannan karon ɗauki mafi girma. In akwai firam na ado kewaye da tagar kuma kana son a rufe shi, auna daga bakinsa na waje. Sannan ƙara abin da yadi zai hau bango a kowane gefe. Milimita 50 shi ne mafi ƙaranci da ke da amfani, 75 zuwa 100 ya fi, musamman in duhu ake nema. Haske ba a miƙe kaɗai yake shigowa ba, yana bi ta tsakanin yadi da bango, don haka ƙarin faɗi ke rage shi.

A ce kogon 1200 ne, kana son 75 a kowane gefe. Yadin da kake buƙata 1350 ne. Idan mai haɗawa yana karɓar faɗin yadi, ba shi wannan ka ce masa na yadi ne. Idan faɗin labule gaba ɗaya yake karɓa, ƙara 35 ɗin maƙalai, ya zama 1385. Wanda ya manta wannan, 75 ɗinsa zai koma ƙasa da 60.

Kafin ka amince da lambar, duba ko bangon yana da wurin. Makunnin wuta, kabad, bangon da ya tokaro daga gefe, bututun ruwa, duk suna iya hana ka. In gefe ɗaya 40 kaɗai yake da shi, ba dole ba ne ɗaya gefen ma ya zama 40, amma ka tuna maƙali na son wurinsa.

Tsawo kuma daga inda saman maƙalai zai zauna ake farawa. Ɗaga su kamar milimita 100 sama da bakin kogo. Hakan yana sa naɗin ya kauce daga gilashi idan an ɗaga labule, kuma yana nisanta sukurun daga bakin filasta inda take saurin ɓarewa. Idan dakalin taga bai turo ba, bari yadin ya wuce ƙasan kogo da 75 zuwa 100. Kogo mai tsawon 1400, da 100 a sama da 75 a ƙasa, tsawon labule 1575 ke nan. Idan dakalin ya turo cikin ɗaki, yawanci a kansa ake tsayawa.

Yi alama da fensir a inda maƙalan za su zauna, ka ƙwanƙwasa wurin ka ji. Linta ta kankare tana son injin huda mai bugu, bangon allo mai rami a ciki yana son nasa irin maƙalin sukuru. Kuma kada a huda a miƙe sama da soket ko makunni, nan ne wayoyin wuta suka fi bi.

Ta ina yadi zai sauko, ta ina sarƙa za ta rataya

Yadi yana iya saukowa ta bayan bututu, kusa da gilashi, ko ta gabansa, ɓangaren ɗaki. Na baya shi ne aka fi yi, kuma ya fi tare haske domin yana manne da taga ko bango. Na gaba yana nisanta yadi daga taga da kimanin kaurin naɗin, don haka shi ne maganin mariƙin da ya turo ko dakalin da ya ɗan fito, kuma yana ɓoye naɗin. Amma in an sa shi a waje, ratar da ke tsakaninsa da bango tana ƙaruwa, sai a ƙara faɗi don a rama.

Gefen sarƙa ana faɗinsa ne kamar kana tsaye a cikin ɗaki kana kallon taga. Zaɓi gefen da hannu zai kai ba sai an hau kan gado ko an zagaya tebur ba. Tun da ratar haske ta fi a gefen sarƙa, in kana da zaɓi, nisanta ta daga inda kai ke kwanciya. Labule mai inji da rimot ba shi da sarƙa, amma gefen injin yana son wurin da za a kai masa wuta ko a yi cajinsa.

Akwai lamba ɗaya da ba ta shafi kyau ba, ta shafi rai: daga ƙasan ɗaki zuwa inda labulen zai zauna. Sarƙar labule madauki ce, kuma ƙananan yara sun mutu ta hanyar shaƙewa da irinta. Ƙa'idar Turai mai lamba EN 13120, wadda aka tsaurara a 2014, ta ce ƙasan madaukin ya kasance aƙalla mita 1.5 daga ƙasa, a kuma kafe shi a bango da abin da ke riƙe shi a miƙe. Idan sarƙar tana da mahaɗin da ke ɓallewa da kansa in an ja da nauyi, an yarda ta sauko zuwa santimita 60 daga ƙasa. Ko a ƙasarku babu wannan doka, ba da tsayin a yanka maka sarƙar daidai, ka kafe abin riƙon, kuma kada a ajiye gadon yaro ko kujera a ƙarƙashinta. A ɗakin yara kuwa, labulen da ba shi da sarƙa sam ya fi.

Tagogin da ba su bin ƙa'ida

Taga mai faɗi sosai, labule ɗaya yakan yi mata nauyi. Bututun ya yi ciki a tsakiya, yadi ya fara yin tamoji masu gangarowa daga gefe zuwa tsakiya. Ana ƙara kaurin bututu, daga 32 zuwa 38 ko 45, amma akwai iyaka, kuma yadin kansa yana da iyakar faɗin da ake saƙa shi. Gara a raba biyu. A sa mahaɗar a daidai ginshiƙin da ya raba gilasan, domin tsakanin yadi da yadi za a sami rata ta kusan milimita 30 zuwa 40, ginshiƙin ne zai ɓoye ta. Auna daga bangon hagu zuwa tsakiyar ginshiƙi, daga nan zuwa bangon dama, ka gaya wa mai haɗawa cewa biyun a kogo ɗaya za su zauna. Sarƙoƙin su koma gefen waje, ɗaya hagu ɗaya dama.

Siririyar taga mai tsawo ita ma tana da nata. Idan tsawo ya ninka faɗi fiye da sau uku, yadin yakan so gudu gefe ɗaya wajen naɗewa, don haka daidaiton bututu a nan ba wasa.

Tagogin da suka haɗu a kusurwa, ko waɗanda suka turo waje suka yi gefe uku, su ne suka fi cin lokaci. Matsalar ita ce kowane labule yana turowa gaba daga taga, sai biyun su yi karo a lungu. In kusurwar a miƙe take, digiri 90, labule ɗaya ya tafi har lungu, ɗayan a rage masa gwargwadon turowar na farko. In a buɗe take, kamar digiri 135, yanko kwali biyu, faɗin kowane daidai da turowar labule daga inda za a kafa shi, a ce milimita 60. Kwantar da su a kan dakali, kowane manne da nasa gefen tagar, ka turo su zuwa lungu har kusurwoyinsu na gaba su haɗu. Yi alama a dakali inda kowane kwali ya tsaya. Maimaita a ɗaya lungun. Tsakanin alama da alama shi ne faɗin labule gaba ɗaya, kuma haka za ka faɗa, kada a rage. A wannan misalin za ka ga kowane labule ya rasa kusan milimita 25 a lungun.

Ƙofa mai gilashi kuwa, auna gilashin da abin da ya kewaye shi, ƙara kaɗan a gefe, sannan ka tabbata yadin ba zai shiga tsakanin hannu da mariƙi ba.

Rubutawa da miƙawa

Kowace taga a auna ta ita kaɗai, ko da ido ya ce tagwaye ne. Ba ta suna a takarda: ɗakin barci, ta hagu. Faɗi ake fara rubutawa, sannan tsawo, haka masu wannan sana'a suka saba, kuma wanda ya juya su zai karɓi labulen wata tagar da ba shi da ita. Don kauce wa ruɗu, rubuta kalmar kusa da lambar. Layi ɗaya cikakke zai yi kama da haka: ɗakin barci, ta hagu, cikin kogo, faɗi 1198, tsawo 1400, awon kogo ne ba a rage komai ba, zurfi 70, sarƙa a dama, yadi ta baya, daga ƙasa zuwa saman kogo 2300.

Bayan ka gama duka, koma ka sake aunawa a sabuwar takarda ba tare da kallon ta farko ba. In ka kalla, idonka zai ga lambar da ya riga ya sani. Inda biyun suka saɓa, auna na uku. Ɗauki hoton kowace taga da waya, har da mariƙi da duk abin da ya turo.

Wajen miƙawa, faɗa da baki ko da ka rubuta: "Malam, wannan awon kogo ne, ban rage komai ba. Nawa za ku rage, kuma yadin nawa zai fito?" In ya ba ka lambobi biyun, lissafa ratar da za ta rage a gefe ka ga ko za ka iya zama da ita. In ya kasa amsawa, nemi wanda zai iya, ko ka ce su zo su auna da kansu, don alhakin awon ya koma wuyansu.

Idan kuma wanda aka riga aka haɗa za ka saya ka rage da kanka, ɗauki wanda ya fi tagarka faɗi, ka duba kwalin ko lambar da ke jiki ta labule ce gaba ɗaya ko ta yadi. Kafa maƙalan tukuna, ka auna tsakaninsu, sannan ka san nawa za a cire. Adadi ɗaya ake cirewa daga bututu, yadi da sandar ƙasa, kuma daga gefen da ba na sarƙa ba. Bututu da zarton ƙarfe, yadi da wuƙa mai kaifi bisa doguwar rula, a kan wuri mai faɗi.

Ranar da labulen ya iso, kada a fara da huda bango. Sa masa maƙalansa, auna shi daga baya zuwa baya, ka ɗaga shi a wurin ka gani. Bayan an kafa, ɗaga shi ka sauke a hankali kana kallon bakin yadi. Idan yana gudu gefe ɗaya, fara duba daidaiton bututun. In daidai yake amma gudun bai daina ba, sauke yadin har bututu ya bayyana, ka liƙa ɗan guntun salatif na takarda a jikin bututun a gefen da yadin ke guje wa, wato in hagu yake tafiya a sa a dama. Gwada, in bai isa ba ƙara wani a kan na farko.